Ƙarfen sabis na tsaye, waya ba ta shiga

Ɗan ƙaramin kamfani gare ni a Maiduguri, aikinmu kula da ƙarafunan sabis. Mu ke kai dizal, mu duba janareto, mu canja batura, mu haɗa wayar fayiba, wato wayar da ke ɗaukar sabis daga wuri zuwa wuri, in ta tsinke.

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya cinye Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu, waya ta daina shiga a unguwanni da dama. Mutane na ganin ƙarfe tsaye lafiya lau, suna tambayarmu ina sabis ya tafi. Ai ran ƙarfe a gindinsa yake: janareto, tankin mai da akwatin batura duk a ƙasa suke zaune. Ruwa na shiga cikinsu, shi ke nan. Inda ruwa bai kai ba kuma mai ne ke ƙarewa. Batura su riƙe na 'yan sa'o'i su mutu, ga dizal a motarmu, ga gada ta ƙi ƙetaruwa. Wallahi wannan ya fi komai ci min rai, domin na san akwai masu neman ceto a kan rufin gidaje da waya a hannu.

Ƙarafunan nan kuma a sarƙe suke da juna. Akwai babba da ƙanana ke karɓa daga gare shi ta farantin da ke samansu. In ya mutu, unguwar da ko ɗigon ruwa bai taɓa ba sai ta rasa sabis. Fayiba ma gefen titi da jikin gada take bi, inda ambaliya ta fi zaizayewa. 'Yan ƙarafunan da suka tsira sai cunkoso ya shaƙe su, kowa na neman ɗan'uwansa a lokaci guda. Shi ya sa nake cewa a tura saƙon tes, ya fi kira samun hanya.

Tun daga lokacin, duk aikin da aka ba mu kusa da kogin Ngadda sai na nace a ɗora janareto da batura kan dakali mai tsayi. Wasu na ƙorafin kuɗin siminti, ni kuwa ba na sassautawa. Ina kuma roƙon hukumomin agaji su riƙa lissafa motar dizal cikin motocin ceto, a buɗe mata hanya tun ranar farko.