Mako na 7 da kantun riɗi: sukari ya daina ƙone mini, amma auta ta fita daga masu ɗanɗano

'Yan uwa masu koyon kayan ƙwalama, ku yi haƙuri da shiruna na mako biyu. Bari in fara da na daɗin: kantu ya fara ba ni haɗin kai. Ashe wuta nake cikawa. Yanzu ina rage ta sosai, in bar sukarin ya narke a hankali har ya yi kalar zuma, in matsa ɗan lemun tsami, in juye soyayyen riɗin, in murje da kwalba a kan tire mai ɗan maiƙo, in yanka tun da ɗuminsa. In ya huce kafin a yanka, sai dai a farfasa.

Abin da ya tsayar da ni kuwa autata ce, mai shekara 4, wadda ita ce shugabar masu ɗanɗano a gidan nan. Ranar wata Asabar na yi alewar gyaɗa da kantu da tuwon madara a zama ɗaya. Ta ci na kowanne. Ba a yi minti 20 ba na ga tana susar wuya. Na ɗaga rigarta, sai ga jikin ya yi ruɗu-ruɗu, fatar ta tashi faci-faci kamar sauro ya yi mata taron dangi, leɓen sama ya ɗan kumbura. Hajiya ta leƙo ta ce, "Borin jini ne, ki shafa mata manja, zafin gari ne." Kafin magariba ya baje, ni ma na saki jiki.

Da ya dawo ranar Talata na san ba zafi ba ne. Kowa ya ce gyaɗa, don ita ta yi ƙaurin suna. Amma yarinyar nan kusan kullum da kunun gyaɗa take karyawa, ƙuli-ƙuli kuwa har ɓoye mata ake yi, ba ta taɓa ko tari ba. Sai na koma zargin madara, na hana ta kwana 10 a banza. Daga baya likita ya bambance mini: wanda cikinsa ba ya narkar da sukarin madara, kumburin ciki da gudawa yake yi. Alaji kuwa garkuwar jiki ce ke ɗaukar wani sinadarin abincin a matsayin abokin gaba, shi ya sa ake ganin ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko ido, amai, wani lokacin har numfashi, galibi daga 'yan mintuna zuwa awa 2 bayan ci.

Littafin da nake rubuta awon sukari da fulawa shi ya cece ni. Na juya bayansa na ja layi huɗu: abin da ta ci, ƙarfe nawa, abin da ya fito, bayan minti nawa. Har abin da maƙwabta suka ba ta sai na tambaya na rubuta. Ana cikin haka wata rana ba gyaɗa, ba madara, ba kantu, cincin kawai na soya, sai ga borin ya sake tashi, ko da yake bai kai na farko ba. Nan kaina ya ɗaure. Fulawa ce? Ƙwai ne? Ai tana cin burodi da wainar ƙwai lafiya lau.

Ina wanke-wanke da daddare na ɗauki tiren da na baza cincin ɗin ya huce. A lungun bakinsa, inda ƙarfen ya naɗe, ga 'ya'yan riɗi sun maƙale da busasshen sukari. Tiren kantu ne, goge shi kawai na yi da tsumma don sauri. Na koma littafi: Asabar ta ci kantu, Talata na soya riɗi tana gefena tana tsintar wanda ya faɗi. Duk ranakun uku riɗi na nan.

Wata ƙawata ta ce in ba ta cokali ɗaya in gani, a huta da zargi. Ban yi ba, kuma kada ku yi. Bori na yau bai nuna girman na gobe ba. Littafin na kai asibiti, likitan ya karanta layi-layi, ya ce bayanin ya fi ƙarfi a kan riɗi, ya tura mu gwajin fata, wanda ake ɗiga ruwan abin a hannu a ɗan tsaga fatar a jira kamar minti 15. In har za a gwada ci, a gabansu ake yi. Ya kuma ja mini kunne: Piriton da ire-irensa na ƙaiƙayi ne kawai. In murya ta dishe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, ko yaro ya yi laushi kamar zai suma, allurar adirenalin a cinya ake buƙata nan take, asibiti za a nufa ba kemis ba.

Na yi mamakin jin cewa riɗin da muke raina wa, wanda ake lodinsa buhu-buhu daga Jigawa da Nasarawa da Binuwai, tun Janairun 2023 Amurka ta sa shi na tara a jerin abincin da dole a rubuta a jikin kwali, bayan madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, gyaɗa, dangin kashu, alkama da waken suya. Mu da muke ƙulla kaya a farar leda babu ko rubutu, aƙalla mu iya amsa wa mai saye abin da ke ciki. Soyawa ma ba ta kashe abin, riɗin da ta tsinta ai soyayye ne.

Yanzu kantu sai tana makaranta nake yi, da tirensa da ludayinsa da kaskonsa daban, na ɗaura musu jan zare. Markaɗe ma na fara tambayar mai inji abin da ya niƙa kafin nawa. Mako mai zuwa gullisuwa ce, har yanzu tawa tana fashewa a cikin mai, duk wadda ta san sirrin ta taimaka.