Abin da gasar biyayyar karnuka ta koya mini

Wanda bai taɓa shiga gasar biyayyar karnuka ba yakan ɗauka cewa ana gwada ko kare ya san "zauna" da "kwanta" ne. Ai duk karen da aka kawo filin ya san waɗannan tun daga gida. Abin da alƙali yake nema shi ne kare ya bi umarni tun a faɗa ta farko, a wurin da bai saba da shi ba, ga wasu karnuka na haushi a gefe, kuma babu ko guntun nama a aljihun ubangidansa, don an hana shiga fili da abinci ko abin wasa.

Ƙa'idar da na fi sani ita ce ta ƙungiyar American Kennel Club ta Amurka, wadda ta amince da dokokin gasar a 1936, shekara uku bayan wata mai kiwon karnuka, Helen Whitehouse Walker, ta shirya gwajin farko a jihar New York. Da maki 200 ake shiga, alƙali yana ta zaftarewa. Kare ya zauna a ɗan karkace, rabin maki na iya tafiya. Sai ya tsira da 170, kuma ya sami fiye da rabin makin kowane aiki, sannan a ce ya ci. Gasar mataki-mataki ce, sai kuma ya ci sau uku kafin a ba shi shaidar matakin da yake.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na umarni ɗaya. A aikin kira, za ka bar kare a zaune, ka tafi ɗaya gefen filin, ka juyo, ka jira alƙali ya ba ka dama, sannan ka kira. In bai taso a kiran farko ba, ya faɗi, ko da ya yi sauran ayyukan ba aibi. Da farko na ga tsaurin ya yi yawa, amma da tafiya ta yi nisa na koma bayan alƙalai. Kare yana lura da al'adar ubangidansa fiye da yadda muke zato. Wanda ya saba cewa "zo, zo, zo mana!" ya riga ya koya wa karensa cewa biyun farko surutu ne, na ukun mai tsawa shi ne umarni. Karen ba taurin kai yake yi ba, abin da aka koya masa yake bi daki-daki.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi damun masu karnuka masu kaifin basira. Karen ya haddace jerin ayyukan, ya san bayan zama kira ne ke zuwa, sai ya taso tun kafin ka buɗe baki. Wannan ma faɗuwa ce. Abin dariya, abin takaici: ya yi abin da kake so, amma ba da izininka ba. Maganinsa a wajen horo shi ne ka riƙa sauya tsari. Wani lokaci ka tafi ka juyo, maimakon kira sai ka koma wurinsa ka yaba masa a inda yake zaune, har ya gane cewa jiran ma aiki ne da ake biya.

Jikinka kuwa yana magana ko ka so ko ba ka so ba. Kare yana tafiya ne a gefen ƙafarka ta hagu, shi ya sa masu horo da yawa suke fara taku da hagu in suna so ya biyo su, da dama in suna so ya tsaya. Ka ɗan karkata kafaɗa kana leƙensa, sai ya ja baya. Fargaba ta sa ka rage tsawon taku, sai ya rasa inda zai sa kansa. A matakin ƙarshe har akwai aikin da ba a magana sam, da hannu kawai ake nuna masa ya kwanta, ya zauna, ya zo, daga nesa. Nan ne ake gane wanda hannunsa yake faɗar abu ɗaya kullum.

Aikin da na fi so a wannan mataki shi ne na sansano. Ana baza wasu ƙananan abubuwa na ƙarfe ko fata ko katako, ɗaya ne kawai ka riƙe a hannunka, kare ya je ya zaɓo shi da hanci. Nan ba ka da abin yi. Kana tsaye kana kallonsa yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya wuce naka, ya dawo, ya sake sansanawa, kai ko motsi ba ka isa ka yi ba.

Tsakanin aiki da aiki an yarda ka yaba wa kare da baki, ka shafa shi. Sababbin shiga sukan manta da wannan saboda hankalinsu yana kan takardar alƙali, sai ka ga karen ya fara kasala tun ba a kai rabi ba, yana waige-waige wajen ƙofar fita.