Godiya Bayan Abin Da Ya Same Mu A Xi'an

Alhamdulillahi, an sallamo Baba daga asibiti, bayan faɗuwar da ya yi a birnin Xi'an na ƙasar Sin. Yana cin abinci, yana sallah a zaune. Duk kun bi yadda aka yi, ba sai na maimaita ba, ƙarfin maimaitawar ma ba ni da shi.

Shi ya nace mu taso daga birnin Guangzhou zuwa Xi'an bayan ya gama sarin kaya, tun da ya ji cewa manoma masu haƙa rijiya ne suka ci karo da sojojin yumɓun nan, wato mutum-mutumin sojoji da aka binne a ƙasa, a 1974. Wanda bai shiga rami na ɗaya cikin ramukan da sojojin suke ba, ba zai gane cunkoson wurin ba. Tsawonsa mita 230, sojoji sahu-sahu, kowa da kamanninsa, an binne su ne su yi gadin sarki Qin Shi Huang, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ina jikin shinge ina ɗaukar hoton dawakai na ji salatin Baba a bayana. Kafin in waiwaya ya zube.

Ihu nake da Hausa, ba mai ji na. Sai ga wani dattijo mai farar hula, Musulmi ɗan ƙabilar Hui, ya kutso ya durƙusa, ya ɗora kan Baba a cinyarsa, ya ɓalle masa maɓallin wuya, yana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Ita kaɗai ce maganar da muke ji ni da shi. Shi ya kira 120 aka turo motar asibiti, ya bi mu, bai tafi ba sai da Baba ya buɗe ido. Washegari ya dawo da romon rago da gutsuttsuren gurasa a ciki. Na miƙa masa kuɗin mota, ya mayar mini da hannuna. Ya Allah, Ka haskaka rayuwar bawan nan naKa, Ka jiƙan mahaifansa, Ka haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi.

Baffana na Guangzhou ya ce kada in ambace shi. Baffa, ka yi haƙuri, sai na faɗa: rufe shago ka yi ka hau jirgin ƙasa a daren. Ɗalibanmu da ke karatu a Xi'an, kun yi tafinta, kun kwana a kan benci. Jama'ar babban masallacin garin sun yi wa Baba addu'a ranar Juma'a. Yarinyar da ta tsinci kyamarata ta kai wa masu gadi, Allah Ya tsare ki. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya raba ku da ganin irin wannan rana.

Akwai 'yan'uwa na jini da ko "ya mai jiki" ba mu gani daga gare su ba, alhali suna ganin duk abin da nake sakawa. Na bar shi a nan.

Baba yana ta tambayar tudun kabarin sarkin kansa, wanda har yau ba a tone shi ba, amma likita ya hana shi fita rana. Hotunan zan saka idan na huta. A ci gaba da sa shi a addu'a, sai ya ƙara ƙarfi kafin mu hau jirgin gida.