Tsakanin inhela da ƙwaya: wanne ya kamata mai asma ya ji tsoro?

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tana sauke ta a kan Kano, kyamis-kyamis na unguwanni sukan cika da masu neman maganin atishawa, ƙaiƙayin ido, toshewar hanci da sarƙewar numfashi. Ina cikin waɗanda wannan yanayi ke taɓawa, domin da asma na tashi, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yana ya biyo ni. Zaryar asibiti da yawan tambayar likitoci sun nuna mini cewa mu mutanen Kano mun ajiye tsoronmu a inda bai dace ba. Muna gudun inhela, wato maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, wadda illarta kaɗan ce, muna kuma sakin jiki da ƙwaya da allura, waɗanda su ne ke yi wa jiki ɓarna mai wuyar gyaruwa.

Abu biyu ne ke faruwa a ƙirjin mai asma. Na farko shi ne kumburin da ke zaune a cikin hanyoyin iska na huhu, wanda yake nan ko da mutum yana jin garau. Na biyu shi ne tsukewar da naman da ke kewaye da waɗannan hanyoyi ke yi farat ɗaya idan ƙura, hayaƙi, sanyi ko mura suka taɓa su. Kowanne da maganinsa, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen yawancin wahalar da nake gani a gidajen 'yan uwa da maƙwabta.

Shuɗiyar inhela da kowa ya sani da sunan Ventolin, wadda sinadarinta shi ne salbutamol, tana maganin tsukewa ne kawai. Takan buɗe ƙirji cikin kamar minti 5, aikinta kuma ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Illolinta sanannu ne: rawar hannu, saurin bugun zuciya, wani lokaci da ciwon kai, kuma sukan wuce da kansu. Ranar da aka fara rubuta wa ɗana ita, mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Kada ku saba wa yaron nan da abin fesawar nan, in ya fara ba zai daina ba. Ku nemo masa na ruwa." Na san ƙauna ce ta sa Hajiya faɗin haka, kuma ita ce maganar da ake yi a kusan kowane gida, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Fesawa ɗaya ta inhela tana ɗauke da maikirogiram 100 na salbutamol, ƙwayar da babba ke haɗiya kuwa takan kai miligiram 4, wato ninki 40. Abin da aka shaƙa yana tafiya kai tsaye zuwa huhu, inda ake buƙatarsa, amma abin da aka haɗiya sai ya bi ta ciki ya shiga jini ya zaga duk jiki kafin ya isa can, shi ya sa yake jinkirin aiki kuma ya fi kawo rawar jiki da faɗuwar gaba. Wanda ya ƙi inhela ya koma wa ƙwaya ko maganin ruwa domin gudun illa, ya yi gudun gara ne ya tadda zago.

Inhela ba ta sa mutum ya kamu da ita yadda ake kamuwa da kayan maye. Idan aka ga mutum ba ya rabuwa da ita, ciwon ne bai kwanta ba. Sai dai akwai haɗari na gaske a dogaro da shuɗiyar ita kaɗai, domin tana ba mutum sauƙi nan take alhali kumburin yana ci gaba da tsananta a ɓoye, har ranar da za a fesa ta ta ƙi aiki. Saboda haka ne a shekarar 2019 kwamitin masana na duniya da ake kira GINA, wanda likitoci ke bin ƙa'idojinsa wajen kula da asma, ya daina ba da shawarar a bar manya da matasa a kan salbutamol kaɗai. Bincike ya nuna cewa mai ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara yana cikin ƙarin haɗarin mummunan tashin ciwo. Kowane gwangwani fesawa 200 ne, don haka kowa zai iya yi wa kansa lissafi.

Maganin kumburin shi ne inhelar rigakafi, mai ɗauke da sinadarin sitiroyid irin su beclometasone, budesonide ko fluticasone. Ba ta ba da sauƙi nan take, sai an yi kwanaki ko makonni ana shaƙa kafin a ga bambanci, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa suke yanke mata hukuncin cewa ba ta aiki, su jefar da ita bayan kwana uku. Alhali ita ce ke rage tashin ciwo, kwanciya a asibiti da mutuwa. Illarta mafi yawa ita ce dusashewar murya da fararen ƙuraje a harshe da cikin baki, waɗanda kurkure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa yake rage su sosai. Game da yara, akwai maganar da ya kamata iyaye su ji yadda take: wani dogon bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2012, ya gano cewa yaran da suka yi shekaru suna shaƙar budesonide sun gaza takwarorinsu tsawo da kimanin santimita 1 bayan sun girma. Na auna wannan da dararen da ɗana ya yi a zaune yana neman numfashi, da kwanakin makarantar da ya rasa, ban kuma ga abin jinkiri ba. Akwai inhela masu haɗa rigakafi da maganin buɗe ƙirji mai dogon aiki, kamar Symbicort da Seretide, amma ba ɗaya suke ba: ta farkon tana fara aiki da sauri har likita zai iya cewa a yi amfani da ita lokacin tashin ciwo, ta biyun kuwa ba a dogara da ita a irin wannan lokaci.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne ƙwayoyin sitiroyid na haɗiya, wato prednisolone da dexamethasone. Magunguna ne masu ceton rai idan asma ta tashi da ƙarfi, kuma likita yakan ba babba prednisolone na kwana 5 zuwa 7, yaro kuma na kwana 3 zuwa 5, a tsaya. Matsalar ita ce suna da arha, ana samun su a ko'ina ba tare da takardar likita ba, kuma suna aiki ƙwarai, don haka wanda ya taɓa jin daɗinsu yakan mayar da su abin sha duk sanda ƙirji ya yi nauyi. Sau da yawa ma mutum bai san yana shan su ba, domin a cikin haɗin da ake ƙulla masa a leda suke, babu suna babu kwali. Wanda ya yi watanni a kansu yana iya gamuwa da ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi, yanar ido, kumburin fuska, nankarwa a jiki da raguwar garkuwar jiki. Wani abin kuma shi ne jiki da kansa yana samar da irin wannan sinadari a wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, idan kuma aka daɗe ana ba shi daga waje sai ya rage samar da nasa. Saboda haka wanda ya wuce kamar mako uku yana sha kada ya yanke rana ɗaya, sai likita ya tsara masa yadda zai riƙa ragewa, in ba haka ba jini na iya faɗuwa har mutum ya suma. Wannan dexamethasone ɗin dai yana cikin abin da ake sayar wa 'yan mata da sunan sha-ka-fashe, kuma ƙibar da suke murna da ita, ita ce illar da likitoci ke gudu.

Haka nan akwai tsofaffin magunguna irin su theophylline da allurar aminophylline, waɗanda iyayenmu suka sani kuma har yanzu wasu ke nema da suna. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, kuma idan aka zarce sai amai, rikicewar bugun zuciya, har da jijjiga. Ba allurar da za a kira wani ya yi wa mutum a ɗaki ba ce.

Magungunan atishawa, ƙaiƙayi da borin jini su ma suna da nasu bayani. Piriton, wato chlorpheniramine, yana aiki, amma yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa ya sa barci da sanyin jiki, kuma mutum yana iya tashi da safe da ragowar nauyinsa. Duk wanda zai tuƙa adaidaita sahu, ko ya ɗauki hanyar Zariya ko Katsina da mota, ko ya tsaya a gaban inji a Sharaɗa ko Bompai, bai kamata ya sha shi kafin aiki ba. Yana busar da baki, yana kuma ƙara wa dattawan da ke fama da wahalar fitsari matsala. Ina roƙon iyaye mata da su daina ba yara shi domin su yi barci, domin wasu yaran ma rikicewa suke yi maimakon su kwanta, kuma ɗan uwansa promethazine, wato Phenergan, an hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi. Cetirizine da loratadine sun fi sauƙi, sau ɗaya ake shan su a yini, ko da yake cetirizine yakan sa wasu gyangyaɗi. Amma duk cikinsu babu wanda ke buɗe ƙirjin da ya tsuke. Maganin ɗigawa a hanci irin su Otrivin yana buɗe hanci cikin mintuna, sai dai idan aka wuce mako guda ana ɗigawa hancin yakan ƙara toshewa da zarar maganin ya sake shi, mutum ya rasa yadda zai daina. Wanda atishawarsa ke ɗaukar duk tsawon hunturu ya fi amfana da maganin fesawa a hanci mai sitiroyid, wanda shi ma sai an yi haƙuri da shi na wasu kwanaki.

Montelukast, wanda yanzu ake yawan rubuta wa yara, yana taimaka wa wasu, musamman masu haɗa asma da atishawa, amma bai kai inhelar rigakafi ƙarfi ba. A watan Maris na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya masa gargaɗi mafi tsanani saboda rahotannin mugun mafarki, rashin barci, yawan fushi, baƙin ciki, har da tunanin halaka kai. Uwar da ta ga halin ɗanta ya sauya bayan fara shi ta koma wa likita da wuri, kada a tsaya ana cewa rigima ce ko gamo ya yi. Ya kamata kuma mai asma ya riƙa faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani cewa yana da ita, domin aspirin, ibuprofen da diclofenac suna tayar wa wasu da ciwon, haka ma propranolol da ake bayarwa don hawan jini da zuciya.

Na san tsada tana cikin abin da ke tura mutane ga ƙwaya. Tun da kamfanin GSK, mai Ventolin da Seretide, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, ga kuma faɗuwar darajar naira, farashin inhela ya haura inda talaka ba ya iya kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, kuma ta yi sanadin mutuwar 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda magani ke wuyar samu. A ganina wajibi ne tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kano ya tabbatar da cewa inhelar rigakafi tana samuwa a ƙananan asibitocin unguwanni, ba sai an je Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ba. Kafin nan, akwai inhela na wasu kamfanoni masu sinadari iri ɗaya da suka fi sauƙin kuɗi, muddin suna da lambar rajistar NAFDAC kuma daga hannun ƙwararren mai harhaɗa magani suka fito.

Da yawa daga cikin masu cewa inhela ba ta yi musu aiki, a baki da maƙogwaro maganin ke tsayawa saboda ba a koya musu yadda ake shaƙa ba. Akwai wata roba mai kama da bututu da ake sa wa tsakanin inhela da baki domin maganin ya taru a ciki a shaƙe shi a natse, kuma likitocin yara a Afirka ta Kudu sun nuna tun 1999 cewa gorar roba mai cin mililita 500, idan aka huda gindinta aka cusa bakin inhelar ya zauna daram, tana yin aikin da na kanti ke yi. Mai juna biyu kada ta ajiye inhelarta, domin rashin iskar da tashin ciwo ke jawowa ya fi maganin haɗari ga abin da ke cikinta. Mai azumi kuma yana iya shaƙar ta rigakafi da sahur da bayan buɗa-baki, ya nemi fatawar malaminsa game da ta gaggawa tun kafin watan ya kama. Babu kuma maganin da zai yi cikakken aiki a ɗakin da aka rufe da turaren wuta, ko maganin sauro na kunnawa, ko hayaƙin janareta da ke shigowa ta taga.

Idan ciwo ya tashi har mutum ya kasa ƙarasa magana a numfashi ɗaya, ko leɓensa ya sauya launi, ko yaro ya kasa shan nono kuma haƙarƙarinsa na lotsawa, asibiti za a nufa a take. A zaunar da shi a miƙe, a riƙa ba shi shuɗiyar inhela ta cikin gorar, fesawa 4 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya, ana maimaitawa duk bayan minti 20 har a isa. Wanda kuma fuskarsa, harshensa ko maƙogwaronsa ya kumbura bayan cin wani abinci, shan wani magani ko harbin zuma, allurar adrenaline yake buƙata da gaggawa, kuma Piriton ba zai tsaya a madadinta ba.