Asabar a Agege: wa zai faɗa wa Baba?

Ruwan da aka kwana ana tafkawa bai ɗauke ba sai bayan asuba. Ko da na fito zuwa Islamiyya, kwatar bakin layinmu ta cika ta tumbatsa, ba ka gane inda hanya ta ƙare da inda rami ya fara. Na tattare hijabi ina raɓe-raɓe a jikin katanga, sai ga yaran ajina uku suna tsalle a cikin ruwan, wayar wuta kuma na reto a saman kansu. Nan take na ce yau babu darasin fiƙihu. Da na gaya wa Malam Babba, sai ya ce, "To Malama, kiyaye rai ma ai addini ne. Amma kada ki fita min da su titi."

Na fara da tambaya: daga gida zuwa nan, me kuka gani da zai iya cutar da mutum? Wani ya ce kare. Wata ta ce aljani. Monita ya ce gbomogbomo, wato masu satar yara, kamar yadda suke ji a bakin abokansu Yarabawa. Ba wanda ya ambaci kwata ko wayar wuta ko layin dogo, alhali rabinsu sai sun tsallaka shi kafin su iso. Abin da ido ya saba da shi, ya daina ganinsa.

Sai na zana unguwar a allo, daga ƙarƙashin gadar Pen Cinema zuwa Zango, na ja layin dogo a tsakiya. Suka ce, "Malama, ai muna jin ƙararsa." Na ce direban motar ma'aikatan gwamnatin Legas da jirgi ya kwasa a mahaɗar PWD da ke Ikeja ranar 9 ga Maris 2023 babba ne, ba yaro ba, kuma an yi asarar rayuka. Jirgi ba danfo (bas ɗin haya) ba ne da zai taka burki ya tsaya a gabanka. Ga shi tun da jirgin Ibadan ya fara aiki a 2021, na cikin gari mai suna Red Line ya biyo baya a 2024, layin ba ya hutawa kamar lokacin ƙuruciyarmu.

A maganar gas 'yan matan suka fi ni baki, don su ke tsayawa a kan girki. Sun san warin. Abin da ba su sani ba shi ne gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma ba ashana kaɗai ke tayar da shi ba, taɓa makunnin lantarki ma ya isa. Muka maimaita kamar hadda: rufe kan tukunya, buɗe taga da ƙofa, fita waje, kira babba. Haka muka rera 112 da 767, lambobin kiran agaji na Legas, har 'yan ajin kusa suka ɗauka. Sai na ce, to an ɗaga waya, ina za ka ce a zo? Nan aka yi cirko-cirko. "Bayan masallaci." "Kusa da mai shayi." Masallatai nawa ne a Agege? Aikin gida na yau: kowa ya zo da sunan titinsu da lambar gida da tashar mota mafi kusa, kuma ya iya faɗarsu da Turanci, ko da na buroka ne.

Na ba su labarin Lahadi 27 ga Janairu 2002, ranar da ma'ajiyar makamai ta fashe a barikin soja na Ikeja. Ina yarinya a lokacin, har yau ina tuna yadda tagogin gidanmu suka riƙa kaɗawa. Sama da mutum dubu suka rasu, kuma yawancinsu ba bam ne ya same su ba. Gudu suka yi cikin ruɗewa suka auka magudanar ruwan Oke-Afa, wadda ciyayi suka rufe samanta. Ajin ya yi tsit. Ban so na tsorata su ba, so nake su san gudu ma sai da ido.

Daga nan muka zo kan janareta, kuma a nan ne darasin ya kuɓuce min.

Na yi bayanin cewa a cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take sawa, da jiri, da barci mai nauyi, shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali guda a ɗaki babu mai motsi, a yi ta zargin abinci ko maƙiya. Na ce waje ake ajiye shi, nesa da taga. Sai wata 'yar shekara tara da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. Ta ce nasu a lungun ƙofar ɗaki yake kwana, saboda ruwa da ɓarayi, kuma ƙaninta kan tashi da ciwon kai. Na ce to yau ki gaya musu a fitar da shi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, wa zai faɗa wa Baba?"

Wallahi na rasa amsa. Mu ne muke koya musu kullum cewa yaro ba ya tsoma baki a maganar manya, ba ya gyara wa uba zance. Yanzu kuma ni ce nake ɗora mata abin da ko uwarta sai ta nemi dabara. Na sa mata sani a kai, na bar ta da nauyinsa ita kaɗai. Sauran ma suka fara: wani babansa kan ajiye galan ɗin fetur a ƙarƙashin gado, wata yayarta kan juye kalanzir a gorar lemo ta bari inda jariri ke rarrafe. Duk sun gani. Ba su da bakin faɗa ne kawai.

Bayan azahar na bi yarinyar gida. Irin gidajen hayar nan ne masu ɗakuna suna kallon juna, doguwar baranda a tsakiya, janareta huɗu a jere. Uwar ta karɓe ni da fara'a, ta kawo ruwa, ta ce, "Malama, kin faɗi gaskiya, amma na farko a waje aka ɗauke shi, har da sarƙar." Maigidan yana mayankar Oko-Oba, sai dare. Na koma wajen Malam Babba, ya ce shi zai tare shi bayan magariba, namiji da namiji, kuma zai roƙi liman ya taɓo batun ranar Juma'a ba tare da kama suna ba.

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta. Layin gaba ɗaya ya ɗauki ruri. Ina kishingiɗe sai na ji janaretanmu yana kaɗawa daidai ƙarƙashin tagar ɗakin yara, inda yake shekara uku ban taɓa cewa uffan ba. Na daɗe ina juya yadda zan fara. Da na faɗa, maigida ya yi dariya ya ce, "Yau kuma darasin har gida ya biyo ki?" Amma ya tashi ya ja shi can bakin rijiya. Wayar ba ta kai ba. Ya ce gobe zai sayo doguwa. Da hasken waya nake wannan rubutu, ɗaya hannun yana yi wa auta fifita.