Musayar kayan kiɗan da ta haifi HorrorPops

Abin da ya fara jan hankalina game da ƙungiyar HorrorPops ta ƙasar Danmak shi ne hannun mawaƙiyarsu Patricia Day a kan katon kayan kiɗan bas ɗin nan mai tsirkiya huɗu, wanda ake tsayar da shi a ƙasa kuma tsayinsa ya kai na mutum. Takan fizgo tsirkiya ta sake ta har ta daki jikin itacen, sai ka ji kamar akwai makaɗin ganga a ɓoye a cikin kayan, alhali kuwa tana rera waƙa a lokaci guda.

Da na bi tarihinsu sai na gano cewa ba da bas ta fara ba. Jita take kaɗawa a wata ƙungiyar fank (punk, kiɗan rok mai sauri da zafi) mai suna Peanut Pump Gun lokacin da ta haɗu da Kim Nekroman a wani bikin kiɗa a birnin Kolon na Jamus a 1996. Shi kuwa tun 1989 ya kafa ƙungiyar Nekromantix mai salon saikobili a Kwapanhagan, kuma an san shi da bas ɗinsa mai siffar akwatin gawa. Sai suka yi shawarar kowa ya koya wa ɗan'uwansa kayansa, ita ta rungumi bas, shi ya ɗauki jita, suka kafa sabuwar ƙungiya, wato HorrorPops, daga baya kuma suka yi aure.

A ganina wannan musayar ce ta ba su sautinsu, domin wanda yake sabon koyo ba ya ɗaure da ƙa'idojin gidan da ya fito. Salon saikobili, wanda ya gauraya rokabili (tsohon kiɗan rok na Amurka) na shekarun 1950 da zafin fank da labaran ban tsoro, yana da masoya masu tsananin kishin iyakokinsa, amma HorrorPops suka shigar da ska (wani salon kiɗan Jamaika) da waƙoƙi masu saurin kama baki, har da 'yan rawa biyu a kan dandamali.

Kamfanin Hellcat na mawaƙin Amurka Tim Armstrong ne ya fitar da kundinsu na farko, Hell Yeah!, a 2004, Bring It On! ya biyo baya a 2005, sannan Kiss Kiss Kill Kill a 2008, bayan sun koma Los Angeles da zama. Na farkon nake yawan komawa gare shi, saboda a cikinsa ƙarar tsirkiya a kan itace ta fi fitowa fili.