Jakar girki ta uku: wannan karon wake ya nuna

Assalamu alaikum 'yan uwana 'yan koyo. Jakar girkin nan da nake ta fama da ita, wadda ake tafasa abinci a sauke, a cusa tukunya ciki ta ƙarasa dahuwa da zafinta, ta uku ta sauka daga keken ɗinki ranar Lahadi. Ita ce ta farko da ban ji kunyar fitowa da ita tsakar gida ba.

Ta farko ƙyallaye na kwaso daga shagon uwar ɗakina na danna mata tam kamar matashin kai. Nauyi kawai ta yi. Ashe ba ƙyallen ke riƙe zafi ba, iskar da ke maƙale tsakaninsa ce, ni kuwa na matse ta duk ta fita. Ta biyu murfin ya yi ƙanƙanta, ana iya zura yatsu biyu ta gefe. Na sa waakye, wato shinkafa da wake, bayan azahar, da magariba maigidana ya tauna ya dube ni ya ce, "Yau tsakuwa muka samu?"

Ga yadda na yi ta ukun. Na yanka atamfa da'ira biyu, faɗin kowace inci 40, na haɗa su, na ɗinka ƙaramar da'ira ta inci 12 a tsakiya inda gindin tukunya zai zauna. Daga nan na ja layi takwas zuwa baki, kamar an yanka lemo. Kowane aljihu na zuba masa guntayen soso da na saya wajen masu ɗinkin kujeru a unguwar Aboabo da ke Kumasi, na yayyanka su girman magi, ban danna ba. Audugar rimi ta fi sauƙin nauyi, amma ba ta shiri da wuta ko kaɗan, gidanmu kuma akwai yara da kurfoti. Murfi matashi ne dabam, inci 14, don ya toshe bakin sosai.

Don Allah ku fara ɗinka ƙubaka kafin ku zuba soso. Ni na yi akasin haka, jaka ta kumbura ta ƙi wucewa ƙarƙashin ƙafar keke, allura biyu na karya kafin na haƙura na ƙarasa da hannu. Zariyar kuma igiya mai kauri ce, ta atamfa tsinkewa take yi. A gindi ku shimfiɗa tsohon tawul, don tukunyar da ta sauko daga wuta tana narka soso.

Gwajin: na jiƙa wake tun dare, na tafasa shi da karan dafi da 'yar kanwa minti 20, na zuba shinkafa ta tafasa minti biyar, na sauke na ɗaure. Tukunyar ta kusa cika, don rabin tukunya saurin hucewa take. Bayan awa uku na kwance, tururi ya bugi fuskata sai da na kau da kai, wake kuwa yana murƙushewa tsakanin yatsu. In ta daɗe har ta koma ɗumi-ɗumi, a mayar wuta a sake tafasawa kafin a ci, musamman mai nama.

Abin da ya sa ni wannan wahala, gidan hayarmu a unguwar Asawase ɗaki tara ne, mitar ECG, kamfanin wutar lantarkin Ghana, ɗaya. Rangwamen da ake yi wa mai ƙaramin amfani yana tsayawa ne a yunit 30 a wata, mu kuwa da yake a haɗe muke, ba ma jin ƙanshinsa. Kuɗin kati ana raba shi ne da ƙirgen ƙwan lantarki da fanka da firji, ba wanda ke ƙirga murhun lantarkin da ke ɓoye bayan labule. Mai wat 1000 in ya yi awa biyu kan wake ya sha yunit biyu, kullum haka, 60 ke nan a wata. Na faɗi wannan a taron gida har sau biyu, aka ce na fiye lissafi, wata ma ta daina amsa gaisuwata kwana uku. Mai murhun kuwa duk mun san ta.

Ranar Lahadi ban ce da kowa komai ba, a tsakar gida na kwance zariya. Mai murhun ce ta fara matsowa, ta taɓa tukunya ta janye hannu da sauri, ta ce, "Yaya, da gaske babu waya a ciki?" Har juya jakar ta yi tana nema. Hajiya mai gida ta ɗanɗana, ta ce ai haka iyayensu ke naɗe kwanon tuwo da tsohon zane, ni dai na ƙara masa zariya ne.

Yanzu mai murhun ta kawo atamfarta, Hajiya kuma tana son ta tukunyar suna, wadda inci 40 ba zai rufe ba. Faɗin atamfa ba zai kai ba sai an yi haɗi, ni kuma ina tsoron zafi ya riƙa bin ɗinkin. Wadda ta taɓa haɗa da'ira babba a cikinku, a tsakiya kika sa haɗin ko a kan layin aljihu?